Tarihin Lamark, Masanin Katantanwar Teku

Duk wanda ya je Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, inda a ke fasa farin dutse domin yin siminti, in ya sunkuya ya duba da kyau zai ga abin mamaki. Zai ga siffar katantanwa da ta makankari a cikin dutsen, waɗansu ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, waɗansu kuwa sun cika tafin hannu, duk sun daskare. Masana sun tabbatar wannan katantanwa ta teku ce, dabam ta ke da wadda yara ke tsinta a fadama da damina, ga shi kuwa tsakanin Sakkwato da bakin teku ya fi mil 400. To, ƙaƙa ta zo nan? Me ta ke ci sa'ad da ta ke da rai? Mene ne kuma tsakaninta da wadda ke cikin teku yau?

Malaman da, irin su Ibn Sina da Albiruni, sun riga sun lura da irin wannan a ƙasashensu, sun kuwa fahimta alama ce ta cewa tudu ya taɓa zama teku. Amma wanda ya fi kowa a zamaninsa zama ya jera waɗannan halittu iri-iri, ya raɗa musu sunaye, ya gwada na cikin dutse da masu rai, wani Bafaranshe ne da bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Tarihinsa mu ke so mu kawo wa masu karatu yau, musamman malaman makaranta, gama akwai abin koyo a inda ya yi daidai, akwai kuma a inda ya kuskure.

Haihuwarsa da zamansa soja

An haifi Jean-Baptiste Lamarck, wanda za mu riƙa rubuta sunansa Lamark, ran 1 ga watan Agusta 1744, watau shekara 10 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a wani ƙauye wai shi Bazentin a arewacin Faransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya 11. Gidansu gidan asali ne na mayaƙa, amma dukiya ta ƙare, sai suna. Da uban ya ga ba abin da zai bar wa autan, sai ya kai shi makarantar limaman Kirista a garin Amiens, da nufin ya zama ɗaya daga cikinsu. Yaro kuwa zuciyarsa na wurin yaƙi. Uban na rasuwa ya bar makaranta, ya sami wani ramammen doki, ya bi rundunar Faransa zuwa ƙasar Jamus cikin 1761, bai ko cika shekara 17 ba.

Isarsa ke da wuya aka gwabza yaƙi a Vellinghausen, cikin watan Yuli, aka rinjayi Faransawa. An ba da labari cewa ƙungiyar da aka sa shi ta sha wutar igwa har hafsoshinta duka suka faɗi, saura mutum 14. Tsofaffin soja suka ba yaron nan shugabanci, suka kuma ba shi shawara su ja da baya. Ya ƙi, domin ba a aiko musu da umurnin barin wurin ba. Nan suka tsaya har umurni ya iso. Saboda wannan aka naɗa shi hafsa. Taurin kan nan da ya nuna ran nan shi ne halinsa har ya mutu, ya amfane shi, ya kuma jawo masa wahala.

Bayan yaƙi aka ajiye shi a barikokin kudancin Faransa, a bakin Bahar Rum, inda ya fara sha'awar tsire-tsire. Can wani abokinsa cikin wasa ya ɗaga shi ta ka, wuyansa ya kumbura, har sai da aka kai shi Faris aka yi masa aiki. Cikin 1768 ya bar soja da ɗan fansho wanda bai isa ci da sha ba. Ya kama aikin akawu a wani banki, aikin da masu karatu da yawa suka san daɗinsa da wuyarsa, yana kwana a wani ɗan ɗaki can ƙololuwar soro, yana koyon likita da ilmin tsire-tsire in ya tashi daga ofis.

Littafin da ya fito da shi

Shekara 10 yana wannan fama, sa'an nan cikin 1778 ya gama littafi juzu'i 3 a kan tsire-tsiren Faransa. Abin da ya ɗaukaka littafin wata dabara ce mai sauƙi. Mutum ya riƙe tsiron da bai sani ba, littafi ya ba shi siffa biyu ya zaɓi wadda ta dace, wadda ya zaɓa ta kai shi ga waɗansu biyu, haka haka, kamar matafiyi mai tambaya a kowace mararraba, har ya iske sunan tsiron. Har yanzu da wannan dabara ɗalibai ke gane tsiro da ƙwaro da kifi a ko'ina cikin duniya.

Babban masani Buffon, shugaban Lambun Sarki a Faris, ya sa aka buga littafin a maɗaba'ar gwamnati, ya kuma taimaka aka shigar da Lamark Majalisar Masana ta Faransa cikin 1779. Cikin 1781 da 1782 ya raka ɗan Buffon yawon ganin lambuna da ma'adinai a Holan da Jamus da Hangare. Duk da haka albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga iyali na ƙaruwa.

Sai juyin mulkin Faransa ya zo. Cikin 1793 aka kashe sarki, aka mai da Lambun Sarki ya zama gidan adana halittu na ƙasa, aka kafa kujerun shaihunan malamai 12. Kujerun tsire-tsire waɗansu suka samu. Ta dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye aka ba wani saurayi ɗan shekara 21, Geoffroy Saint-Hilaire. Lamark, yana da shekara kusan 49, aka bar masa abin da ba mai so, watau ƙwari da tsutsotsi. Ya karɓa, ya koma ɗalibi da furfura a kansa.

Gyaran rumbun da aka cakuɗe

Kafin zamanin nan, Linne, masanin ƙasar Suwidin wanda ya kafa hanyar ba kowace halitta suna biyu, ya kasa ƙananan dabbobi kashi 2 kaɗai. Fara da kunama da gizo-gizo da ƙaguwa duk ya kira su ƙwari. Tana da matsattsaku da dodon koɗi da sauran tarkace duk ya kira su tsutsotsi. Wannan kamar a zuba gero da dawa da wake da acca a rumbu guda ne, alhali kuwa fiye da kashi 9 cikin 10 na irin dabbobin duniya a nan su ke.

Lamark ya fara da raba dabbobi gida biyu, masu ƙashin baya da marasa ƙashin baya, shi ne ma ya kafa wannan suna na biyu. Sa'an nan ya ware ƙaguwa da danginta dabam, ya ware kunama da gizo-gizo daga ƙwari, ya ware tana da matsattsaku daga sauran tsutsotsi. Cikin 1801 kashinsa 7 ne, cikin 1809 sun kai 10. A wannan aiki ya amfana ƙwarai da fiɗar dabbobi da wani abokin aikinsa ya yi, Georges Cuvier, wanda a ke faɗin sunansa Kubiye, mutumin da daga baya ya zama babban abokin hamayyarsa.

Amma inda zuciyarsa ta fi kwantawa shi ne katantanwa. Tun da daɗewa yana tara ta, yana saye da ɗan abin da ya samu. Abokinsa Bruguière, wanda ya fi kowa saninta a Faransa, ya rasu cikin 1798 a kan hanyarsa ta komowa daga ƙasar Farisa, nauyin aikin ya faɗo kan Lamark. Cikin 1799 ya fitar da sabon tsari mai gidaje 126, gida kuwa a nan shi ne taron iri-iri masu kama da juna, waɗanda suka yi tarayya a sunan farko. Da yawa cikin sunayen da ya raɗa, irin su Fasciolaria da Cancellaria da Columbella da Marginella, da su a ke aiki har gobe. Marginella ɗin nan, ƙarama mai santsi kamar wuri, tana da yawa a tekun Afirka ta Yamma.

Akwai ma halittar kogunanmu da ke ɗauke da sunan da ya ba ta. Cikin 1807 ya siffanta wata makankari mai kaurin ɓawo, mara fasali, ya kira ta Etheria, yana zaton daga teku ta fito. Daga baya matafiya suka iske ta a Kogin Nilu. Tana nan a Kogin Kwara, manne da duwatsu inda ruwa ke gudu da ƙarfi.

Yashin Grignon

Yamma da Faris akwai wani ƙauye wai shi Grignon, inda in an haƙa yashi a kan sami katantanwar teku tuli, ba ta ko karye ba, sai ka ce jiya aka zubar da ita. Yanzu an san shekarunta wajen miliyan 45. Daga 1802 zuwa 1806 Lamark ya yi ta fitar da bayaninta kashi-kashi, iri wajen 500, galibi daga tarin wani mai sha'awa wai shi Defrance. Shekarar da ya gama, 1806, ita ce wadda Mungo Park ya wuce Yawuri ya halaka a Busa, kafin Turawa su san inda Kwara ta ke faɗawa.

Abu biyu ya gani cikin yashin nan. Na farko, gidajen da ya samu, su Conus da Voluta da Murex da dangin wuri, na teku mai ɗumi ne, saboda haka ƙasar Faris mai sanyi ta taɓa zama ƙarƙashin teku mai zafi. Ya kuma lura ba ambaliya ce ta watso su ba, nan suka rayu, nan suka mutu, a hankali yashi ya rufe su cikin zamani mai tsawon da hankali ba ya iya ƙirgawa. Na biyu, kaɗan daga cikinsu daidai su ke da masu rai, da yawa kuwa sun yi kama da masu rai amma da ɗan bambanci, kamar kaka da jika.

A nan gardama ta tashi. Kubiye ya riga ya nuna tun 1796, ta ƙasusuwan wata irin giwa mai gashi, cewa akwai dabbobin da suka ƙare ƙaf daga duniya. A ganinsa masifu ne kan auko farat ɗaya su share halittun wuri, iri kuwa ba ya sākewa. Lamark bai yarda iri kan ƙare haka ba, sai fa manyan dabbobin tudu da mutum ya kashe. A ganinsa, irin da ba a gani yau ko dai yana ɓoye a tekun da ba a bincika ba, ko kuwa ya sāke kama a hankali ya zama wani. Da aka kawo masa wata makankari mai rai daga Ostareliya, Trigonia, wadda a da a cikin dutse kaɗai aka san gidanta, ya siffanta ta cikin 1804, ya ƙara sakankancewa.

Ran 11 ga watan Mayu 1800, cikin laccar buɗe shekara, ya fara bayyana wa ɗalibansa ra'ayin sākewar iri. Cikin 1809, shekarar da aka kafa birnin Sakkwato, ya fitar da littafinsa mafi suna a kan wannan. Ya kawo dalili biyu. Ɗaya, wai rai da kansa yana da halin hawa daga sauƙi zuwa sarƙaƙiya. Ɗayan kuwa, in wurin zama ya sāke bukata ta kan sāke, bukata ta haifi ɗabi'a, gaɓar da a ke mora ta ƙarfafa, wadda aka bari ta shanye, 'ya'ya kuma su gāji abin da iyaye suka samu. Da haka ya fassara tsawon wuyan raƙumin dawa, da ƙahonin dodon koɗi da ya ke laluben hanya da su. Shi kansa ya rubuta cewa wannan tsari duka Mahalicci ne ya shimfiɗa shi.

Kubiye ya kawo hujja da gawawwakin kyanwa da tsuntsaye da aka kwaso daga kaburburan Masar, masu shekara dubbai, waɗanda ba su bambanta da na yau ba. Lamark ya amsa cewa shekara 3,000 ba kome ba ce a wannan lissafi, yanayin Masar kuma bai sāke ba, balle dabbobinta su sāke.

Masu cin ganye da masu cin nama

A cikin babban littafinsa na dabbobi marasa ƙashin baya, juzu'i 7, wanda ya fito daga 1815 zuwa 1822, ya zo kan maganar da ta fi shafar batunmu. Ya kasa katantanwa masu murɗaɗɗen ɓawo gida biyu, masu cin ganye da masu cin nama, ya kuma ba da alamar da za a gane su ko a cikin dutse. Wadda bakin ɓawonta ya kewaye sumul, ya sa ta cikin masu cin ganye. Wadda bakinta ke da tsaga ko ɗan indararo a gaba, ya sa ta cikin masu cin nama, gama ta indararon nan ne dabbar ke miƙo wani bututu da ta ke jan ruwa, ta shaƙi iska, ta kuma sansano abin farauta.

Mai karatu zai yi mamaki a ce dodon koɗi na farauta, shi da a ke yi wa ba'a da rashin sauri. To, abin farautarsa ya fi shi nawa, ko kuwa ba ya motsi sam. Kusan kowane dodon koɗi yana da wani harshe mai haƙora jere kamar magagari. Murex ya kan hau kan makankari, ya ɗiga wani ruwa mai narkar da ɓawo, ya kankare da magagarin nan, ya sāke ɗigawa, wani lokaci kwana da kwanaki, har ya huda, sa'an nan ya zura dogon bakinsa ya cinye naman. Daga jikin dangin Murex ɗin nan ne mutanen da na bakin Bahar Rum ke samun jan shunin da a ke rina tufafin sarakuna. Conus kuwa haƙorinsa ya zama kibiya mai dafi, da ita ya ke harbin tsutsa ko wani dodon koɗi, har da kifi. Akwai irin da ya kashe mutane. Daga dafin wani irinsa aka haɗa maganin ciwo mai tsanani, wanda Amurka ta yarda da shi cikin 2004.

Alamar Lamark ta yi daidai a wurare da yawa, amma ba duka ba. Natica, mai kewayayyen baki, ya sa ta cikin masu cin ganye, ga ta kuwa gwanar huda ce, a ƙarƙashin yashi ta ke kama makankari. Strombus da Cerithium masu tsaga a baki ya sa su cikin mafarauta, alhali gansakuka da dattin ƙasan ruwa su ke ci. Ɓawo kaɗai ya ke da shi a hannu, ɓawo kuwa riga ce, ba kullum ta ke faɗin halin mai ita ba.

Ƙarshen kwanakinsa

Lamark bai tsaya inda ya fi ƙarfi ba. Ya yi jayayya da sabon ilmin haɗa magunguna na Lavoisier, ya kuwa fāɗi. Ya yi shekara 11 yana buga littafin hasashen yanayi bisa tafiyar wata, hasashen bai cika faɗawa daidai ba. Waɗannan suka zubar masa da girma a idon 'yan'uwansa masana. Masani Arago, wanda aka yi abin a gabansa, ya ba da labari cewa cikin 1809 Lamark ya miƙa wa Napoliyon sabon littafinsa a fada, sarki ya zaci na hasashen yanayi ne, ya ci masa fuska a gaban jama'a, har dattijon ya zub da hawaye.

Wajen 1818 idonsa ya tafi, bayan shekaru na duban ƙananan abubuwa da madubin ƙara girma. Matansa duk sun riga shi rasuwa, haka waɗansu cikin 'ya'yansa 8. 'Ya'yansa mata biyu, Rosalie da Cornélie, su suka riƙe shi. Ƙarshen babban littafin nan, inda maganar katantanwa masu cin nama ta ke, da baki ya faɗe shi 'yarsa na rubutawa, waɗansu masana na duba masa ɓawon da ba ya iya gani.

Ya rasu ran 18 ga watan Disamba 1829, yana da shekara 85. Sai da iyalinsa suka roƙi Majalisar Masana kuɗin binne shi. Kabarin haya aka sa shi na shekara 5, da wa'adi ya cika aka kwashe ƙasusuwan, har yau ba wanda ya san inda su ke. Aka yi gwanjon littattafansa. Tarin katantanwarsa ya bi hannun attajirai har ya isa birnin Janeba cikin 1869, inda ya ke ajiye. Jawabin ta'aziyya da Kubiye ya rubuta masa, wanda aka karanta cikin 1832 bayan shi ma ya rasu, ya yabi aikin jera dabbobi, amma ya mai da sauran ra'ayoyinsa abin dariya. Sai cikin 1909 aka kafa masa mutum-mutumi a lambun da ya yi wa aiki.

Hukuncin da zamani ya yanke

Yau masana sun raba gardamar nan, kowa an ba shi rabonsa. Kubiye ya yi gaskiya cewa iri kan ƙare, masifu kuma kan auku. Lamark ya yi gaskiya cewa duniya ta daɗe ƙwarai, iri kuma kan sāke. Inda ya kuskure shi ne hanyar gādo. Mu nan ba mu bukatar a kai mu nesa, gama kaka da kakanni a ke yi wa yara tsagar gado a fuska, ba a kuwa taɓa haihuwar jariri da ita ba, ɗan maƙeri kuma ba ya zuwa duniya da damtsen ubansa. Darwin na Ingila, cikin 1859, ya kawo wata hanya: 'ya'ya kan bambanta tun daga haihuwa, wanda bambancinsa ya dace da wurin zama shi ya fi tsira ya bar zuriya. Duk da haka Darwin ya ambaci Lamark cikin waɗanda suka share fage.

Aikin katantanwa kuwa bai fāɗi ƙasa ba. Deshayes, wanda ya ɗora a kan aikin Lamark, ya ƙirga wa Charles Lyell yawan irin da ke da rai har yanzu a cikin kowane hawan dutse, da wannan Lyell ya raba zamanai cikin 1833: hawan da masu ransa suka yi kaɗan shi ne mafi tsufa. Cikin 1938 Bajamushe Wenz ya raɗa wa babban taron mafarautan nan suna Neogastropoda, wanda ya haɗa su Murex da Conus da Voluta da galibin gidajen Lamark, iri fiye da 10,000 masu rai. Da binciken jikin dabbar da na ƙwayoyin gādo aka gane Natica ba ta cikinsu, watau sana'ar huda ta ɓullo a zuriya biyu dabam dabam. Aka kuma gane wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda a ke kawowa daga tsibiran Maldib, yana cikin danginsu na kusa.

Game da asalinsu, duwatsu sun nuna sun bayyana ne a zamanin da a ke kira Kiretashiyos, tsakanin shekara miliyan 145 da miliyan 66 da suka wuce, suka yawaita wajen ƙarshensa. Cikin 1977 masani Vermeij ya nuna cewa a zamanin nan mafarautan teku, su ƙaguwa da kifi masu fasa ɓawo da masu huda, sun ƙaru ƙwarai, katantanwa kuma ta yi ta ƙara kauri da ƙayoyi da ƙunci baki, kamar gari da ya ƙara ganuwa don maƙiyi ya sami igwa. Bayan babbar masifar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda ta share manyan dabbobi masu jan ciki, mafarautan katantanwa suka bazu fiye da da.

Rabon ƙasarmu cikin labarin

Duwatsun Sakkwato sun kwanta ne a daidai wannan gaɓa. A zamanin nan wani hannun teku mara zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya shiga ƙasashen da yanzu su ke Mali da Nijar da arewa maso yammacin Nijeriya. Hawan Dukamaje, inda aka sami ƙasusuwan wani dodon ruwa da aka raɗa wa sunan Goronyo, ya riga masifar. Hawan Dange da na Kalambaina sun biyo bayanta, shekara wajen miliyan 60 ke nan. Ma'aikatan shata iyaka tsakanin Ingilishi da Faransawa sun tsinci irin waɗannan a arewacin Sakkwato, Bullen Newton na gidan adana halittu na London ya siffanta su cikin 1905. Cikin 1919 aka kafa ma'aikatar binciken duwatsu ta Nijeriya, Dokta Falconer na shugabanta, cikin 1922 kuma ta buga bayanin Newton a kan katantanwar Ameki, kusa da Umuahia, wadda kusan tsarar ta Grignon ce. Cikin 1974 Adegoke, masani ɗan Nijeriya, da abokin aikinsa Tevesz suka bi hujojin da ke jikin katantanwar Ameki, suka nuna aikin dangin Natica da na Murex. Hujin Natica mai faɗi ne a waje ya tsuke ciki, na Murex kuwa miƙaƙƙe ne.

Malamin da ke Yelwa ko Ngaski kada ya wahal da yaransa neman irin wannan a bayan makaranta. Galibin ƙasar Yawuri a kan tsohon dutse mai tauri ta ke, irin wanda a ke haƙar zinariya a cikinsa wajen Bin Yawuri, ya haura shekara miliyan 500, zafi da matsi kuma sun sāke shi. Sai an yi arewa ta Shanga da Koko a ke shiga ƙasar duwatsu masu hawa-hawa, waɗanda teku ta kwantar kuwa suna bayyana wajen Dange da Sakkwato da Wurno har zuwa Tawa a Nijar. Katantanwar bakin Tafkin Kainji, wanda ya cika bayan gama madatsa cikin 1968 ya shanye tsohuwar Busa, ta ruwan daɗi ce. Amma aikin Lamark ya shafe ta ita ma, gama a cikinta akwai ƙananan iri masu ɗauke da tsutsar tsargiya, akwai kuma waɗanda ba ruwansu, ma'aikacin lafiya kuwa ba shi da hanyar raba su sai ta irin wannan duba da jerawa.

Muna roƙon malamai da akawuna da aiki kan kai ƙasar Sakkwato, in sun tsinci daskararriyar katantanwa a bakin rijiya ko inda a ke fasa dutse, su ɗauka, su rubuta sunan wurin da zurfin da ta fito da ranar, su ajiye a makaranta ko su aika jami'a. Da yawa cikinsu ɓawon ya narke, cikon laka ne ya rage, duk da haka masani na iya gane gidansu. Tun 1967 a ke niƙa dutsen Kalambaina ana yin siminti, abin da ya shiga injin kuwa ba mai sāke ganinsa.